Naman da Kaka ta ci a gidanmu

Sai da na kai shekara ashirin da biyar kafin na ɗora ido a kan matar da ta haifi mahaifiyata. Kirista ce, 'yar wani ƙauye a kudancin Kaduna. Umma ta musulunta ta auri Babanmu, ya kawo ta gidansu a Zaitawa, kuma ranar da za ta taho uwarta ta ce mata idan ta tafi, ta tafi ke nan. Umma ta riƙe maganar nan gam. Ba ta koma ba, su ma ba wanda ya leƙo. Mun taso mun san muna da wata kaka a can wani wuri, amma ba a ambatonta a gidan ko da wasa.

Kwatsam, a shekarar da azuminsu na kwana arba'in ya haɗu da namu na Ramadan, aka yiwo waya wai tsohuwa za ta zo Kano a duba mata ido. Wani ɗan'uwan Umma ya sauke ta a ƙofar gida ya juya. Sai ga wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa, da ƙullin acca a ka, hancinta sak na Umma. Na zaci za a rungumi juna a yi kuka. Ina! Umma ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Sannu da hanya." Kaka ta ce, "Yauwa, na same ku lafiya?" Ko baƙin da suka haɗu a layin asibiti sun fi haka sakin fuska. Raina ya ɓaci, na ƙudurta sai na shirya su kafin matar nan ta koma.

Ni ce mai girkin buɗa-baki a gidan, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da daɗi. Da na ji Kaka ma azumi take yi, sau ɗaya take cin abinci da yamma, sai murna ta kama ni. A wurinmu ai babu abin da za ka girmama mai azumi da shi kamar ka cika masa gaba idan an sha ruwa. Na dage. Yau farfesun kayan ciki, gobe dambun nama, jibi in aika a sayo tsire. Tsokar da ta fi kowace laushi ita nake tsamo mata saboda haƙoranta. Tana zaune a tabarma ɗaya da mu, ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta a ciki, sannan ta ci a hankali, ta cinye tas. Umma tana gefe da kofin kununta, tana kallo.

Mun saba da ita nan da nan. Ƙawata take ce mini. Da rana idan na gan ta tana kurɓar ruwa a randa sai in tsokane ta.

"Kaka, azumin da ake shan ruwa ai hutu ne. Ki zo ki gwada namu kwana ɗaya ki gani."

"Ke dai kina da baki, ƙawata. Wa kika gado?"

Ta faɗa tana satar kallon ƙofar ɗakin Umma. Labulen bai motsa ba.

Kwana tara ana haka. A makarantar da nake koyarwa akwai wata malama Kirista, ina ba ta labari cike da alfahari, har da lissafo mata abin da na dafa. Sai ta dafe ƙirji. Ta ce tsofaffi irin su Kaka, da yawansu nama ne abin da suke bari a kwanakin nan, wasu ko romonsa ba sa taɓawa har sai ranar Ista. Wallahi sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Kwana tara ina karya wa tsohuwa azumi, ina jiran a yaba mini.

Kunyar ba ta daɗe ba ta koma fushi, don na tuna wadda ta sani. Ko mayafi ban cire ba na faɗa ɗakin Umma.

"Umma, kin san ba ta cin nama a wannan lokacin?"

Ta ci gaba da ninke kayan da ke gabanta. "Na sani."

"Kin sani, kika zuba ido ina ɗura mata? Uwarki ce fa!"

"Fita ki ba ni wuri."

Na fita. Tun daga ranar ban ƙara yi mata doguwar magana ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Na yanke hukunci a raina cewa mugunta ce kawai, ramuwa take yi da hannuna.

Kaka na samu a inuwar bango tana tsince acca a faifai. Na durƙusa na ba ta haƙuri, hawaye yana zuba. Ta yi dariya ta ce in tashi kada in jiƙa mata hatsi. Ta ce gaskiya ne, tun tana budurwa nama bai shiga bakinta a kwanakin nan ba, ko shekarar da ta yi jego.

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Barin nama ya daina yi mini wuya, ƙawata. Abin da ba ya yi maka wuya, in ka bar shi me ka ba Allah? Bana na zauna na duba me na fi ƙauna, wanda ba na son rabuwa da shi. Sai na ga fushin da nake yi da uwarki ne. Da shi nake kwana, da shi nake shiga coci. Shi na bari. Idon nan ƙalau yake, tsufa ne kawai. Na zo gidan 'yata bayan shekarun nan, a sa mini abinci in ture? Ai ko me aka kawo zan ci."

Ban taɓa jin wa'azin da ya shige ni kamar wannan ba, kuma ga shi daga bakin tsohuwar da nake yi wa dariyar shan ruwa. Amma ji na yi kawai. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, taku goma ne tsakanin inuwar nan da ɗakin Umma. Na ce ba yanzu ba, bari ta ɗan ji a jikinta, ai ba ta cancanci a kai mata wannan magana a sauƙaƙe ba. Na koma dafa wa Kaka wake da gwaten acca, ina ta kumbure-kumbure a tsakar gida, bakina da azumi.

Kaka ta matsa sai ta koma, tana son makon ƙarshe na azuminsu ya same ta a cocinsu. Umma ta rako ta har zaure. Kaka ta tsaya tana gyara ɗankwali, ta kwance ta sake ɗaurawa, ta daɗe tana yi. Umma ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ina tsaye a tsakaninsu da jakarta a hannu. Na ce a raina bayan Sallah zan zaunar da Umma, in ta kama mu je ƙauyen tare.

Bayan Sallah makaranta ta koma, aka shiga jarrabawa, na yi ta cewa sati mai zuwa. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba aka yiwo waya, Kaka ta rasu. Zazzaɓin kwana biyu ne.

Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai bayan kwana uku, muna zaune mu biyu da hantsi, ta fara magana ba tare da ta kalle ni ba.

"Kin ce na zuba ido. Jira nake ta ture kwanon. Matar nan, ko gishiri ya yi yawa sai ta ɗaga murya unguwa ta ji. Na ce in ta yi mini faɗa, to har yanzu ni 'yarta ce. Sai na ga tana ci tana godiya kamar baƙuwa. Na ce shi ke nan, ta cire ni."

Nan na faɗa mata komai, yadda Kaka ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Har da maganar idon.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, kuma har yau ina cewa da ma zagin ta yi.

"Yaushe ta gaya miki?"

"Tana nan, Umma. Saura kwana biyar ta tafi."

"Kwana biyar," ta ce. "Ina cikin ɗakin nan."