Kwaɗo a Bakin Tanki

Duk tashar Tasawa an san Mamudu da abu biyu, faɗa da tsohon ɗankwalin matarsa Zalika, wanda yake ɗaurewa a bakin mazurari ya tace gazuwal, man motarsa. A-kori-kurarsa ta tsufa, amma babu wanda ya isa ya zuba mata ko ɗigo bai gani ba. Da wannan ya riƙe Ishaƙu da sauran makiyayan gefen Maijirgi. Shi ke kai musu raguna kasuwar Kanan-Bakashe, bai taɓa kwantar da su a hanya ba.

Ranar kasuwar jajiberin Babbar Salla, an gama lodi ke nan, sai ga surukinsa Malam Auta da wata 'yar kwalba da ya sayo a Maradi.

"Tsarabarka ce, Mamudu. An ce wanke inji take, mota ta koma sabuwa. Buɗe in zuba da hannuna."

Mamudu ya san abin da ke kwance a gindin tankin nan, dattin shekaru ne da ba ya son a tayar. Da wani ne daban ya kawo kwalbar, da ya sha zagi har kakanninsa. Amma uban Zalika ne, a gaban jama'a. Ya durƙusa, ya ce, "An gode, Baba," ya buɗe tanki haƙoransa a cije.

Sun yi nisa cikin rairayi motar ta soma tari, ta yi jijjiga, ta mutu. Mamudu ya kwance matatar mai, ya tarar baƙin datti ya cushe ta kamar kunu. Ya busa, ya wanke, ya mayar, ta ɗan gusa ta sake mutuwa. Ya zagi kwalbar, ya zagi mai shagon da bai taɓa gani ba, ya shuri taya har takalminsa ya tsinke. Rana ta take, raguna na haki.

"Kai, Mamudu, ka kashe mu!" in ji Ishaƙu. "In kasuwa ta watse wa za mu saida wa, aljannu?"

Suka sauke dabbobinsu, suka tare wata mota. Direbanta har da ɗaga wa Mamudu hannu. Tun daga ranar shi ke ɗaukarsu.

Da yamma aka jawo a-kori-kurar gida. Malam Auta ya leƙo ya jajanta, ya ce, "Hala kwalba ɗaya ta yi mata kaɗan. In na koma Maradi biyu zan kawo."

Jijiyar wuyan Mamudu ta miƙe. Zalika ta bar tankaɗen da take yi tana kallonsa.

"Allah shi ƙara girma, Baba," ya ce.

Bayan Salla, da ya gyara motar, ya kai ta wajen mai walda, aka manna wa bakin tanki kwaɗo mai kauri. Malam Auta ya shafa shi ya yaba, ya ce ai ɓarayin mai sun yi yawa a garin nan.