Injin Iskar da Na Kasa Mayarwa

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, ni ƙaramin akawu ne a wani ofishi a Zariya, ina zaune a gidanmu na Tudun Wada. Kowa ya sayi babur, har masinjan ofishinmu. Da na ga yadda ake layi wajen masu faci suna fama da famfon hannu, sai na ƙudurta in buɗe wurin ba taya iska a shagon da ke jikin zaurenmu. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da inda mahaifina, Malam, yake jingina yana sauraron haddar ɗalibansa, magidanta ne, 'yan kasuwa da ma'aikata.

Labari ya kai kunnen wani Alhaji mai motocin haya, aminin Malam tun ƙuruciya, ya aiko in je garejinsa in ɗauki tsohon injin iskarsa, in ba da abin da ya sawwaƙa. Na tarar injin ya sha sabon jan fenti, amma da na shafa ƙasan tankin sai na ji tabon walda. To, ya zan ce wa mutumin da ya halarci sunana a kunna in gwada? Na durƙusa na yi godiya, aka ɗora mini a amalanke.

A gida na kwance marfin ƙasan tankin, sai ga jan ruwa yana zuba da ɓawon tsatsa. Na so in mayar da injin, amma sai da izinin Malam. Ni ɗan fari ne, Malam ko sunana ba ya kira, balle mu zauna shawara, don haka na bi ta wajen Inna. Amsar da ta kawo mini ita ce ba za a mayar wa amininsa kaya a kunyata shi ba, in yi haƙuri. Na nemi sabon tanki har Kaduna da Kano, ko'ina sai a ce kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa. Ga Alhaji kuma kullum ya zo gaida Malam sai ya leƙo shagon, yana dariya yana tambaya ko na raina injin ne shi ya sa ban tayar ba. Ƙarshe na tayar. Nakan kashe shi tun kafin ya cika, ina lallaɓa shi kamar tsohon jaki, ina gaya wa kaina hakan ya isa.

Wata Asabar da hantsi ina waje ina cire tayar wani babur tankin ya fashe. Rabin bangon ya zube cikin zaure. Ba a rasa rai ba, amma na tarar da Malam zaune cikin ƙura, jini na fita ta kunnuwansa. A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe duka biyu, babu abin da za a iya yi. Da Alhaji ya zo jaje, ni na shimfiɗa masa tabarma.

Malam ya koma zama, yana bin leɓunan masu karatu da ido. Wata rana wani ya tsallake aya guda, Malam ya gyaɗa kai, ɗaliban suka dubi juna. Ya lura. Ya rufe littafinsa ya ce, "Ku je wajen mai ji. Ba zan riƙa gyaɗa muku kai a kan abin da ban ji ba." Daga ranar zauren ya mutu.

'Yan'uwa, kunya abu ne mai kyau, amma ƙarfe bai san aminci ba. Duk wanda zai sayi tsohon injin iska, ko a hannun wa, ya duba cikin tankin, in ya ga tsatsa ko walda ya bar shi, kowa ma ya ji haushi. Malam ya yi shekaru bayan haka bai taɓa nuna mini ɓacin rai ba. Na sha durƙusawa gabansa ina neman gafara, sai ya dube ni ya yi murmushi, don bai san me nake cewa ba.