Baba Dakata, Mai Saƙonnin Kuskure

Bakwai da rabi yake shigowa ofis. Ya rataye hularsa a jikin kujera, ya goge tabarau da bakin riga, ya buɗe jerin saƙonnin da manhajojinmu suka fitar jiya. Shekara ashirin da shida ke nan. Mu muna gina abin da ake yabo, shi kuwa rabonsa 'yan layukan nan da ke fitowa a allo idan abu ya lalace. Baba Dakata muke ce masa, don da kalmar yawancin saƙonninsa ke farawa.

Ƙananan umarni biyu ya rubuta, kuma duk mai rubuta manhaja a ofishinmu da su yake aiki. Na gargaɗi yana buga saƙo, aiki ya ci gaba. Na kuskure yana buga saƙo, ya tsayar da komai. Kowanne da gurabe uku da sai ka cike: me ya faru, a ina, me mutum zai yi. Ka bar gurbi ɗaya, ka shiga uku. Mai shara zai kira ya karanta mata. In ta yamutsa fuska, aikinka ya dawo.

Na fi kowa jin haushinsa, ba na ɓoyewa. Da muke yi wa ma'ajiyar jini ta wani asibiti manhaja, gargaɗi na sa a inda jini bai dace da majiyyaci ba, don ma'aikata na ƙorafin tana yawan tsayawa. Sau uku yana mayar min. Na ce masa rigimar tsufa ce kawai. Ko gezau.

"Ɗana, wanda zai karanta wannan a gajiye yake, kuma sauri yake yi. In gargaɗi ne, dannawa zai yi ya wuce."

Na canza, ina gunaguni.

Bara matata ta haihu a asibitin nan, jini ya ɓalle mata. Ina tsaye a baranda, na ga ma'aikaciya ta fito da jakar jini a guje, ta dawo da wata. Daga baya ta gaya min jakar wata mai jego ta ɗauko, sunansu ɗaya. Allon ne ya ƙi ta: "Dakata. Jinin jakar nan B ne, majiyyaciyar gado na shida A ce. Mayar da ita, a duba lambar gado." Ta ce da a ce akwai wurin dannawa a wuce, da ta danna.

Baba, kai ne ka tsare ƙofar nan, ba ka ma san wa za ta zo ba. Yau ka ajiye aiki, ni kuwa kunya da ƙauna sun cika min ciki. Na gode, Allah ya saka maka da alheri. 'Yan'uwa masu sana'ar nan, ku cike guraben nan uku yadda ya koya mana, kamar naku ne ke kwance a gadon.

Jaririyar ta fara tafiya, Baba. Uwarta ce ke riƙe da hannunta.