Ranar da Aka Nemi Inna Ta Faɗi Sunana

Ƙamshin ƙuli-ƙulin da ake toyawa ne ya fara tarbata tun daga bakin zaurenmu, kuma har gobe idan na shaƙe shi sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Ba na jin akwai tsufan da zai goge ta daga raina.

Ina 'yar shekara tara farfaɗiya ta matsa mini. Kawuna ya ɗauke ni daga ƙauyenmu Balan ya kai ni wani gidan magani can kudancin jiha, inda ake ajiye yara masu irin lalurata. Ba zan ce an zalunce mu ba. Ana ba mu tuwo, ana ba mu jiƙo mai ɗaci safe da yamma. Sai dai babu wanda ya rubuta daga ina muka fito, kawu kuma ya wuce Legas neman abinci, layinsa ya daina shiga. Wata bakwai na yi ina zama a gindin tsamiya ina kallon gajimare, in zaɓi wanda ya nufi arewa in ba shi saƙon gida.

Wata safiya ma'aikatan kula da walwalar yara suka zo daga Kano, suka tarar gidan ba shi da izinin gwamnati, suka rufe shi. Aka ce duk yaron da uwarsa ko ubansa ya tabbatar da shi za a mayar da shi gida, wanda ba a tabbatar ba kuwa sai gidan yara na gwamnati. Mutum biyu suka rako ni: wata Hajiya mai tabarau da yawan dariya, da wani malam mai jaka wanda takarda ce kawai ke gabansa.

Mun wuce Gaya da azahar, muka isa gida. Baba ya tafi ci-rani. Kakata ta wajen uba ce ta fara ganina.

"Wa nake gani kamar mai kan ƙwarya? Gashin ma cinye shi kika yi a can?"

Ta rungume ni tana kuka tana zolayata. Inna kuwa tana bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ni ce 'yar farinta. Tunda na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Yanzu na san alkunya ce, amma a lokacin zuciyata ce mini take ciwon ne ya sa ta gaji da ni.

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Malam ya buɗe takarda.

"Baiwar Allah, wannan 'yarki ce?"

"Ta gidan nan ce," in ji Inna, idonta a kan kasko.

"Sunanta fa?"

Sai Kaka ta faɗi sunan har sau biyu, ta haɗa da na kakan kakana.

"Iya, ba ke aka tambaya ba. Uwa ko uba takarda ta ce. In ba ta faɗa ba, zan rubuta ba a tabbatar ba, mu koma da ita."

Na dubi Inna ina roƙonta da ido. Amma ga surukarta a zaune, ga rabin unguwa a tsaye, bakin ya ƙi buɗuwa.

Sai Hajiya ta yi dariya ta cire tabarau. "Malam, da gani kai auta ne. A gaban uwar mijinta kake so ta kira sunan 'yar fari? Kawo takardar nan." Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da murhu, ta ɗauki ƙuli ɗaya ta gutsura kamar hira ta kawo ta.

"Ni ba suna nake nema ba. Yarinyar da aka tafi da ita daga gidan nan, da me zan gane ta?"

Inna ta juya fuska wajen bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Akwai tabon wuta bayan kunnen hagu. In abin zai taso mata, sai ta ce tana jin warin ƙarfe. Ba ta cin ɓawon wake. Kuma ba a tashinta da ƙarfi, sai an shafa bayanta. Ta rame."

Hajiya ta ɗaga ɗankwalina ta nuna wa malam tabon. "Rubuta uwa ta tabbatar." Ya yi gunaguni ya rubuta, Inna ta dangwala yatsa. Da ta koma bakin murhu sai ta turo mini kwanon ƙuli da gefen ƙafa, ba tare da ta dube ni ba. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Hajiya ce ta haɗa mu da asibiti a Gaya, inda aka ɗora ni a kan magani, ta kuma dawo sau biyu ta duba ko ina sha. A hankali faɗuwar ta ragu, na koma makaranta. Daga gare ta na koyi cewa mai duba 'ya'yan mutane, bayan sanin doka, yana bukatar ya san yadda iyayensu ke ɓoye ƙauna.

Sai bara, a wani biki a Ajingi, goggona ta ba ni sauran labarin. Ashe da labarina ya yanke, sau uku Inna tana zuwa ofishin walwala na ƙaramar hukuma a Gaya, a ɓoye, goggo na raka ta. Ƙorafinta ne aka aika Kano har aka je aka duba gidan da muke. A can, inda babu suruka babu maƙwabci, magatakarda ya tambaye ta sunan yarinyar. Goggo ta ce ta faɗe shi a fili, ta kuma sa ya karanta mata abin da ya rubuta, don kada ya yi kuskure.