Muryar da ke Bayan Zana

Ranar Alhamis ce, ranar rufe makaranta a ƙarshen shekarar 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Da la'asar ina tsaye a bayan wata zana da aka kafa a gindin maɗacin makarantarmu, a wani ƙauye tsakanin Birnin Gwari da Dogon Dawa, sanye da kayan makaranta, ina rera waƙa da iyakar muryata. Ta wata 'yar kafa a jikin zanar ina hangen zanena, shuɗi mai ratsin fari da Inna ta saya mini da sallah, yana yawo a tsakiyar fili a jikin wani. Mutanen gari sun yi tsit, maza a kan tabarmi ta gabas, mata a tsaitsaye can baya da goyo. Shekaruna ba su wuce goma sha ɗaya ba, in lissafin Inna daidai ne, kuma a wannan lokacin murna nake yi, domin ban san an riga an gama da ni ba.

'Yan matan makarantar ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Baba bai so shigata ba, sai da mai gari ya yi ta aike kafin ya sakko. Ranar da zai kai ni ya tsayar da ni a zaure ya ce, "Karatu na ba da ke, ba wasa a gaban maza ba. Ranar da na ji wani abu daban, ranar kin gama." Baba ba mafaɗaci ba ne, amma ba ya maimaita magana. Da wannan sharaɗi a wuyana nake tashi da sassafe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a rafi, in wanke tukunyar tuwon jiya, sannan in ruga kafin a buga ƙarfen tayar mota da ke rataye a maɗaci, wanda shi ne ƙararrawarmu. Ina son makarantar nan so mai tsanani, har warin tawada daɗi yake mini.

Abokin tafiyata shi ne Tanko, ɗan maƙwabtanmu, wanda danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Gonakin iyayenmu suna jere a bakin dajin Kamuku, don haka in dawa ta fara nuna, mu ake turawa tsaron birai da zarar an tashi daga makaranta. Mukan hau rumfar gona da majajjawa da tsohon gwangwani, mu yi ta kaɗawa muna ihu har muryoyinmu su dushe. Da damina tare muke tsintar kaɗanya, da bazara mu kakkaɓo ɗorawa mu sha garinta har bakinmu ya yi rawaya, wani lokaci matan rugar da ke gefen gona su zuba mana nono a ƙoƙo don mun kore musu maruƙa daga shuka. A wajenmu an yarda cewa gwaggon biri ba ya gudun mace. Ban san ko gaskiya ne ba, amma na sha yin ihu suna zaune suna kallona suna ɓare zangarniya. Saboda haka in Tanko zai gangara rafi, sai ya bar mini hularsa da taguwarsa in saka, kuma da sun hango ni a haka sai su watse. Aron kaya a tsakaninmu ba baƙon abu ba ne.

A wannan shekara aka kawo mana Malam Iliya, saurayi daga wajen Zariya, mai tsabta, mai daɗin magana, wanda bai taɓa ɗaga mini bulala ba. Shi ya fara ce mini kaina yana ja, shi ya fara ara mini littafi in tafi da shi gida. Da aka ji mai duba makarantu zai zo daga Kaduna ranar rufe makaranta, Malam ya tsara wasan kwaikwayo da kansa. Labarin wata mace ce da ke fitowa daga daji ɗauke da tulu, fuskarta a lulluɓe, tana waƙa, ta ratsa ta gaban manoma ta wuce. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarta, amma kowane namiji yana rantsuwa shi ta yi wa murmushi. Wannan ya ce fara ce, wancan ya ce baƙa ce mai wushirya, har suka bar gonakinsu ciyawa ta cinye, suka dawo suna kokawa da juna a kanta. Malam ya ce ni ce zan zama matar. Na gaya masa sharaɗin Baba ban ɓoye komai ba, ya yi murmushi ya ce, "Bar mini maganar babanki, Asabe, ni zan same shi." Na kai wa Inna wannan magana, ta ce in dai malami ne zai zo da bakinsa, ita ba ta da ta cewa.

Makonni muka yi muna gwaji a bayan aji. Malam kan sa ni in ɗauki tulu in yi tafiya daga maɗaci zuwa bakin rijiya, in dawo, in sake, ya kuma sa Tanko ya bi bayana yana taka inda na taka. Ya ce saboda ko zazzaɓi zai kama ni ranar, kada wasa ya lalace. Ban ga aibu ba. Ni da kaina na koya wa Tanko ɗaurin zane ta yadda ba zai kwance ba, da yadda ake naɗa gammo, da yadda mace ke riƙe bakin mayafi da haƙori in hannuwanta suna kan tulu. Muna yi muna dariya har da hawaye, ina ce masa tafiyarsa kamar ta agwagwa, shi kuma yana murguɗa mini baki. A hankali tafiyar ta daina zama ta agwagwa. Yanzu da nake tunani, mai yiwuwa tun ranar farko Malam ya san abin da zai yi, mai yiwuwa kuma daga baya tsoro ya kama shi. Ba zan iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Abin da na tabbatar shi ne bai taɓa taka zauren gidanmu ba.

Ranar wasan na zo da zanena da mayafin Inna a ƙunshe. Ana gab da farawa Malam ya ja ni gefe ya ce an ɗan yi gyara: wasan ya zama kashi biyu, Tanko zai fita a na farko ni kuma in yi masa waƙar daga bayan zana, a na biyu sai in fito da kaina. Na miƙa kayan ba tare da wani tunani ba, har ni na gyara wa Tanko lulluɓi. Ya fita, na ɗaga murya: "Ruwa na ɗebo ba naku ba ne, masu ƙishi ku bi rafi." Sau uku ya ratsa filin, sau uku na rera. Da ya shige bayan zana a karo na ƙarshe sai ya wuce ni da gudu ya faɗa cikin aji, ni kuwa na tsaya ina gyara tsayuwa, ina jiran kashi na biyu. Sai na ji tafi, na ji ana jan benci. Ta kafar zanar na ga baƙon nan na Kaduna ya miƙe yana riƙe da hannun Malam, yana cewa bai taɓa zaton a ƙauye irin wannan za a samu iyayen da za su bar 'yarsu ta fito fili ba, wannan shi ne ci gaba. Ya tambayi sunan yarinyar. Malam bai ko yi jim ba, ya faɗi sunana da na mahaifina, da ƙarfi, kowa ya ji.

Na iske Baba a zaure, ya riga ni isowa. Na durƙusa na fara bayani, ya ɗaga hannu. "Muryar wa na ji?" Na ce tawa. "Zanen wa na gani?" Na ce nawa. "Sunan wa aka kira?" Na ce nawa. Inna ce ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce ita ta san ba ni ba ce, domin ta kalli ƙafafun, kuma ta san diddigen 'yarta. Baba ya ce, "Ko ba ita ba ce, gari ya ce ita ce." Amma ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: in malamin ya zo ya faɗi gaskiya a gaban mai gari, zan koma aji bayan hutu.

Washegari na sami Malam yana ɗaure akwatinsa a bayan keke zai tafi hutu. Na gaishe shi, na ce, "Malam, Baba na jiranku." Ya ce gobe in Allah ya yarda, alhali igiya tana hannunsa yana ƙulla ta a akwati. Bai dube ni ba. Daga nan na wuce masussuka inda Tanko ke taya uwarsa tara ƙaiƙayi, na roƙe shi ya faɗa wa Baba ko da a ɓoye ne. Ya ja ni bayan tarin karan dawa, idanunsa sun cika da ƙwalla, ya ce, "Ke Asabe, so kike a riƙa ce mini ɗan daudu har in mutu? Babana yanka ni zai yi. Ke ai mace ce, kwana biyu za a manta." Da azumi yara maza kan ɗaura zane su yi tashe, kowa ya san su, a yi dariya a ba su hatsi. Wannan daban ne. Tanko ya yi tafiyar da manyan maza suka bi da ido suna haɗiyar yawu, kuma babu wanda zai yafe masa wannan, su kansu masu kallon ba za su so a gaya musu abin da suka kalla ba.

Ba a manta ba. In na fito ɗiban ruwa, samarin da ke zama a bakin tasha sai su ɗauki waƙar suna bi na da ita. Wani ya ce da idonsa ya ga na kashe masa ido ta ƙarƙashin mayafi, wani ya ƙaryata shi ya ce shi na kalla. Na ji an ce har an kai ga cin kwala, ko da yake ban gani ba. Wata tsohuwa ta tare Inna a rijiya ta ce abin da boko ke haifarwa ke nan. Hutu ya ƙare Malam bai dawo ba, aka ce an ɗaga shi zuwa wata babbar makaranta. Ko yabon ranar ne ya jawo, Allah ne masani. Baba ya cika maganarsa. Da Gwaggo, yayarsa da ke aure a Zariya, ta zo karɓar rabonta na dawa, ya ce ta tafi da ni har surutu ya lafa. Na hau bayan babbar mota a kan buhuna, Inna na tsaye a bakin hanya ta rufe baki da gefen zane. Gwaggo ce, da taurin kanta, ta sake sa ni a makaranta a can, Baba ya ji bai hana ba. Ban sake zama a garinmu ba sai dai ziyara.

Yau ga ni na gama jami'a tun da daɗewa, ina koyar da adabi. Kwanan nan na zauna tsara wa ɗalibaina bayani a kan wani wasan kwaikwayo da za su yi jarrabawa a kai, inda maza ke haukacewa a kan macen da su suka ƙera ta a zukatansu. Na rubuta kanun: sha'awa, ruɗu, matsayin mace da namiji. Sai na ga alƙalamina ya tsaya, ina ta sa "wataƙila" a inda ya kamata in yanke magana. Ɗalibaina mata suna hawa dandamali fuska a buɗe, iyayensu na ɗaukar su hoto da waya, kuma ina taya su murna da gaske. Amma hanyar garinmu yanzu ba a bin ta sai da addu'a, gonakin bakin daji an bar wa ciyawa, Baba da Inna suna kwance a inda ba na iya kai musu ziyara yadda nake so. Shekarun da ya kamata in yi a gabansu, a gidan wasu na yi su. Tanko na yafe masa tun tuni, yaro ne kamar ni. Malam kuwa, har yanzu ina kan ƙoƙari.