Amyar Maikano ta Ƙarshe

A wajajen 1954, lokacin da haƙar kuza ta kwashe matasan ƙauyukan Doguwa zuwa Riruwai, Maikano ne kaɗai ya rage a ƙauyensu yana ɗaura amya a bisa itatuwan kaɗanya. Matarsa ta rasu, ɗansa kuma ya bi 'yan kuza bai waiwayo ba.

Al'adarsa ita ce ya shafe amya da kashin shanu, ya turara ta, kuma idan ya zo cire zuma sai ya bar wa ƙudajen zumar rabin saƙarsu. Ya sha faɗa cewa yawonsu a kan furanni ne ke sa kaɗanya ta yi 'ya'ya, amma ba mai saurarensa.

Da masu kai itace barikin kuza suka sare dajin, ƙudajen suka yi ƙaura, saura amya guda. A shekarar kaɗanya ta ƙi haihuwa. Tasalla, maƙwabciyarsa mai yin man kaɗe, ta same shi a gindin bishiya.

"Baba, ka sha zumarka kafin su ma su gudu."

"In na sha, wa zai yi miki aiki baɗi?"

Bai taɓa zumar ba. Ya toshe bakin amyar, ya ɗauke ta a ka zuwa gindin wani dutse inda gatari bai kai ba. Can ya kafa bukka, ya zauna shi kaɗai yana gadinta.