Kwanon Aro a Hannun Goggo Adama

Ni dai ba na son Goggo Adama, gara in faɗa tun yanzu kada a ce na ɓoye. Ita ce tsohuwar nan mai gyaran fasasshen tangaran a wani lungu bayan kasuwar Karaye, kuma daga nan har Rogo babu ta biyunta. Mata na yabon hannunta, ni ma ban taɓa kushe hannun ba. Bakin ne da halin ba su da kyau, kuma su suka shiga tsakanina da aminiyata ta shekara talatin.

'Yar Fulanin Kurugu ce. A ruga ta tashi, a wajen uwarta ta koyi ɗinkin ƙwarya, har aka ce in ta ɗinke ƙwaryar nono ko ɗigo ba ya fita. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ba ɗa ba jika. Ta sayar da saniyar da ta gada, ta tafi Umara, ta ƙi dawowa. Shekara tara ta yi a Jidda tana aikatau a gidan wani tsoho mai gyara wa masu hali kofunan shayi da farantai. Shara da wanke-wanke aka ɗauke ta, amma idonta na kan hannun tsohon. Da aka yi kame aka dawo da su, sauran matan kowacce na washe haƙorin Makka, ita kuwa ta sauko da gwangwanin alawa cike da reza da allurai da ƙananan burushi. Ta kama ɗaki a gidan ɗan wanta, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, yau shekara ashirin da wani abu tana wurin. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. In ka gaishe ta sai ta gama abin da ke hannunta kafin ta amsa.

Abin da ya kai ni wurinta jere ne. Da za a kai 'yata Munawwara ɗakinta, abin da na tara bai cika kabet ba, sai na yi abin da kowace uwa ke yi: na ari kaya a cike gurbi, in 'yan ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa a kwashe a mayar. Na tashi daga garinmu Yammedi na je Rogo Sabon Gari wurin aminiyata Halima Sadiya. Tare muka yi makarantar allo da ita, tare muka yi goyon fari. Ban ma roƙa ba ta buɗe kabet ɗinta ta ɗauko min kwanon Innarta. Babban tangaran ne mai murfi, fari tas, da shuɗayen furanni, bakinsa da ruwan zinare. Marigayiyar ta zo da shi daga aikin Hajji tun muna 'yan mata, kuma shi kaɗai ya rage wa Halima na uwarta.

Ta ce, “Baraka, ke kaɗai zan ba wa wannan. Ko 'yata ban taɓa ara wa ba.”

Ya yi sati biyu a ɗakin Munawwara, duk wadda ta shigo sai ta tanka shi. Ranar da na ɗauko shi na ce bari in wanke mata shi ya koma da haske. A bakin rijiya, hannu duk sabulu, ya suɓuce ya daki siminti. Gida bakwai ya rabu. Na zauna daɓas a cikin ruwan wanke-wanke. Da na dawo hayyacina na aika aka sayo min gam ɗin sufa-gulu, na rufe ɗaki na shiga liƙi. Abin da ya fito ko makaho ba zai karɓa ba.

Washegari na naɗe shi a zani na tafi Karaye. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, ni da na aurar da 'ya. Ta kwance zanin ta daɗe tana kallo.

“Wa ya yi wannan ƙazantar?”

“Yara ne, Goggo.”

“Miƙo hannunki.”

Na miƙa. Gam ya bushe fari fat a kan yatsuna uku. Ta saki hannun kamar ta taɓa abin ƙyama, ta ce, “Fashewa ƙaddara ce. Wannan kuwa wauta ce. Kwana uku zan yi ina cire haukanki kafin in fara nawa aikin. Naki ne?”

“Nawa ne.”

“Mai irin wannan ba ta kai shi bakin rijiya.”

Ban faɗa mata inda ya fashe ba, ta gani ne daga gansakukar da ta maƙale a gindinsa. Na haɗiye. Ta jera gutsattsarin a kan faifai, ta bi bakinsu da tsinin allura, sai ta tsaya wuri guda ta ce akwai saura. Na rantse mata babu. Ta ce in koma Yammedi in share bakin rijiyar, in tankaɗe ƙasar da rariya, in ban samo ba kada in dawo. Haka na koma, da girmana, na tsuguna ina tankaɗen ƙasa, maƙwabta na leƙe suna tambaya ko ɗan kunne ne ya faɗi. Na samo shi kuwa, bai fi ƙwayar dawa ba. Da na kai mata ko sannu ba ta ce ba.

Sati uku ta yi a kansa. Ina zuwa duk bayan kwana biyu, tana kora ta, ina zama. Dole in faɗi gaskiya a nan, don ban taɓa ganin aiki irin nata ba. Ta jiƙa tsohon gam ɗin da ruwan goge farce, ta kankare shi da reza a hankali har bakin kowane yanki ya fito fes. Tana da daro cike da yashin kogin Challawa, a ciki take binne rabin kwanon ya tsaya daram, sannan ta ɗora yanki ɗaya tak a rana, ba ta ƙarawa. Gam ɗinta kala biyu ne, tana haɗa su da tsinken ashana, ta shafa siriri yadda ido ba ya gani. Inda ya ɓantare sai ta daka wani tsohon fasasshen faranti ya yi laushi kamar hoda, ta kwaɓa da gam ta cike, in ya bushe ta goge. Furannin kuwa da gashin zabuwa guda ɗaya ta mayar da su, ta haɗa shuɗin sau biyar kafin ya yi mata. Duk wannan tana yi tana mita: matan yanzu ba su san darajar komai ba, hannuwansu na riƙon waya ne kawai, ni kuma numfashina na tayar mata da ƙura, in matsa can.

A tsakanin nan Halima ta kira sau biyu. Na ce mata dangin mijin Munawwara na nesa ba su gama zuwa ganin ɗaki ba.

Ranar da na je karɓa na ɗaga shi a rana na juya, na sake juyawa. Wallahi ban ga inda ya fashe ba, ni da na fasa shi. Hawaye ya zo min. Kafin in gama murna ta ce, “Saurara, yarinya. Daga yau na ado ne. Miya, kunu, ruwan zafi, ko ɗaya. In ya ji zafi zai saki. Ki faɗa wa mai shi.”

“Goggo, ai na ce miki nawa ne.”

“To ki faɗa wa kanki, da ƙarfi, yadda za ta ji a can inda take.”

Na kai shi Rogo. Halima ta karɓa da hannu biyu, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar da shi mazauninsa, tana cewa ai ta san a hannuna ko shekara zai yi babu abin da zai same shi. Maganar na bakina. Na buɗe, sai na ji ina tambayarta ya ciwon ƙafarta. Kuma ba zan ce ban sani ba: kowace Ƙaramar Sallah a cikin kwanon nan take aika wa kawunta farfesun kaza, yadda Innarta ke yi tun tana raye. Wata huɗu ne tsakani. Kullum ina cewa in mun haɗu zan faɗa. Mun haɗu sau uku.

Ranar Sallah Ummu Hani, matar ɗan Halima, ta ɗauki kwanon daga madafa, farfesu na tururi. Ba ta kai zaure ba ya buɗe a hannunta. Romon ya sauka a kan ƙafafunta biyu, fata ta saluɓe. Halima ta fito ta ga kwanon uwarta a ƙasa, idonta ya rufe. Ta zazzage wa yarinyar abin da ba a faɗa wa surukai, a gaban baƙin Sallah. Ummu Hani na kuka tana rantsuwa ba ta sake shi ba, a hannunta ya rabu. Daga asibiti gidan iyayenta ta wuce.

Na je jaje. Na zauna kusa da aminiyata tana kuka, har na ce, “Yaran yanzu sai haƙuri, ba su da natsuwa.” Na faɗa, da bakin nan nawa. Sai ta share ido ta ce ta ji labarin wata tsohuwa a Karaye mai gyaran tangaran, in raka ta jibi tunda na fi ta sanin garin.

Washegari da sassafe ina ƙofar Goggo. Na faɗa mata komai, na kama ƙafarta, na ce ta rufa min asiri don Allah, ta karɓi aikin ta yi shiru. Shirun nan kawai na roƙa. Ta janye ƙafarta ta ce, “Yarinyar da ta ƙone, wa ke rufa mata nata?” Na ce zan gyara wannan daga baya, a hankali, ni na san yadda zan bi da Halima. Ta ɗauki rezarta ta ci gaba da abin da take yi. Na ɗauka shirun nan amincewa ce.

Muka zo da Halima. Goggo ta amsa mata gaisuwa da wuri, abin da ba ta taɓa yi min ba. Ta jera gutsattsarin a faifai, ta ɗauki allura ta kankaro wani abu siriri daga bakin guda ɗaya, ta ɗora a tafin hannun Halima.

“Wannan ba faɗuwa ya yi ba, Hajiya. Saki ya yi. An zuba masa zafi.”

Halima ta ce, “Goggo, tun zamanin Innata ake zuba masa zafi.”

“Zamanin Innarki babu gam a jikinsa. Wannan ɗaurina ne, bai kai wata biyar ba. Na kuma ce a faɗa wa mai shi.”

Babu wanda ya tambaye ta. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba. Ba ta kira sunana ba, ba ta ko kalli inda nake ba, kuma har gobe da wannan take kare kanta, wai ita ba ta tona kowa ba, aikinta ta shaida. To wa kwanon ya je hannunsa wata biyar da suka wuce? Tsohuwar da ba ta da aminiya ko ɗaya a duniya, ina za ta san abin da ake yi wa shiru?

Halima ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannunta. Na jira ta zage ni, na ma ƙagu ta yi. Sai ta ce, ba da ni take ba, “Yarinyar nan ta rantse min da Allah, na ce mata maƙaryaciya.” Ta tattara gutsattsarin ta ɗaure a zaninta, ta yi wa Goggo godiya, ta fita. Na bi ta har tasha ina kiran sunanta. Ta shiga mota ta zauna a can ƙurya.

Na ji daga baya da ƙafarta ta je gidan su Ummu Hani ta durƙusa ta ba da haƙuri, yarinyar ta dawo, da tabo a ƙafa. Kwanon ba ta sake kai shi gyara ba. Goggo Adama kuwa tana nan a kan tabarmarta, da daron yashinta, mata na ta kai mata kaya suna shan zagi suna godiya. In na shiga kasuwar Karaye ta ɗaya hanyar nake bi. Na kira Halima ya fi sau ashirin, wayar na shiga, ba a ɗauka. Na aika Munawwara, aka karɓe ta da fara'a, aka ba ta abinci, aka ce ta gaida gida.

Bayan wata uku muka haɗu a wani suna. Shekara talatin ni da Halima ba mu taɓa yin gaisuwar kirki ba. Daga nesa take ɗaga murya ta ce, “Ke 'yar ƙauye, har yanzu ba ki mutu ba?” in rama, mu faɗa jikin juna. Ran nan ta taso har inda nake zaune, ta ɗan rusuna. Ta ce ina wuni. Ta tambayi gajiya, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi amarya, ta tambayi damina da mutanen Yammedi. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Matan da ke gefe suna ta sha'awar ladabinta, ni kuwa ina ta amsa “lafiya lau.”

Da ta gama ta ce, “Madalla. A gaida mutan gida, Hajiya Baraka.” Ta koma cikin matan Rogo ta zauna, ta ba ni baya.